Idon Mudi Direba

Sai da taya ta kusa faɗawa ramin sannan Mudi ya gan shi. Ya fizge sitiyari, motar ta yi tangal-tangal ta daidaita. Hajiya Fathia, Bayarabiya haifaffiyar Funtua mai shagon atamfa, wadda ta ɗauki shatarsa zuwa asibiti a Zariya, ta dafe kujera.

"Malam Mudi, a hankali mana."

"Yi haƙuri, Hajiya. Hanyar ce ta lalace."

Ba laifin hanya ba ne. Tun daminar bara idonsa na hagu ya fara ja da zogi. Mai kemis a Danja ya ce afolo ne, ya ba shi maganin ɗigawa. Ya lafa, ya dawo. Daga baya zogin ya daina, ganin ma ya bi shi. Yanzu na daman ya kama. Ko matarsa Hansai bai gaya wa ba, balle 'yan tasha, don ranar da mai motar ya ji, ranar zai karɓe makulli. Baƙin gilashi kawai ya saya.

"Hajiya, ciwon me ake kai ki gani?"

"Ido. Ba na son haske, ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo a gabana. Da yake maigidana a banki yake, inshorar ofis ta tura ni wurin ƙwararre tun satin farko. Ya ce kumburi ne can cikin idon, da na yi sakaci da na makance."

Sai da suka wuce Giwa sannan Mudi ya sake tambaya.

"Ƙudajen nan, suna tafiya in an yi magani?"

Ta ɗago ta dube shi ta madubi, ta daɗe.

"Malam Mudi, cire gilashin nan in gani."

A asibiti ta ƙi yarda ya jira a mota. Da aka gama duba ta, ta roƙi likitan, ta jawo Mudi ta gaban mutanen da ke zaune a benci tun asuba. Likitan ya sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ya haska masa fitila. Hawaye suka zubo.

"Na hagu ya riga ya tafi," in ji likita. "Na daman ana iya ceto shi, amma sai an yi gwajin jini da hoton ƙirji, kuma kana zuwa duk mako. Me ya hana ka zuwa da wuri?"

Ya jawo kati, ya ɗauki biro.

"Mece ce sana'arka?"

"Direba ne," in ji Fathia, murya ƙasa-ƙasa.

Likitan ya ajiye biro. "Daga yau kada ka ƙara tuƙi. Ran mutane ne."

A bakin ƙofa Fathia ta sallame shi har da kuɗin komawa, tana gyara mayafi ba ta kalle shi ba.

"Zan kwana wurin ƙanwata Adesewa a Sabon Gari. Ka bar motar nan, ka aika a zo a ɗauka. Kuma don Allah ka dawo mako mai zuwa."

"In sha Allahu, Hajiya. Na gode."

Ya daɗe zaune a mota, kansa a kan sitiyari. Mai motar na jiran balas, kuɗinsa na yini, da yamma, Hansai kuma wannan watan ne na haihuwarta. Da la'asar ya tayar da motar, ya nufi tashar Kwangila ya shiga layi.

"Funtua! Funtua mutum ɗaya!" ɗan kamasho yana buga rufin motar.

Wata mata ta kwanto goyonta ta zauna gaba, ta ɗora jaririn a cinya. Rana ta sauko daidai saitin hanyar da za su bi.

"Direba, za mu isa kafin magariba?"

Mudi ya share idonsa da bakin riga, ya murɗa makulli.

"Da yardar Allah."