Zauna Kan Hannunki

Tun ranar farko jinina bai haɗu da na matar da asibiti ya turo ta riƙa motsa wa Yaya jiki ba. Gajera ce, ba fara'a, har Yaya ta laƙaba mata Saja. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, Yaya na fama da cokali, hannu na rawa, abinci na zuba a cinya, ita kuwa ta danne tafukanta a ƙarƙashin cinyoyinta ta zuba ido. Na miƙa hannu zan karɓi cokalin.

"Anti, zauna kan hannunki," in ji ta. "Ni ma don kar in taimaka nake danne nawa."

Na so in gaya mata baƙar magana, na haɗiye. Yaya ce ta raine ni, kuma a gabana ciwon ya fara cin ta, daga kasa hawa bene har ya zaunar da ita a keken guragu. Likita ya ce jijiyoyin da ke motsa tsoka ne ke lalacewa a hankali. Saja ma ba ta rufe mu ba: abin da ya tafi ya tafi, amma wanda ya rage zai fi daɗewa in mun bar mai shi ta yi aiki da shi.

Rannan ta tambayi Yaya me take son ta iya yi. Na zaci za ta ce tafiya.

"'Yata na da tsohon ciki," Yaya ta ce. "So nake in riƙe jikana ni kaɗai, ba wanda ya tallafe min."

Washegari Saja ta zo da babbar gorar ruwa, ta naɗe ta da tawul. Ta ɗora filo a cinyar Yaya, ta kafa mata gwiwar hannu a kan hannun keke, ta kwantar da gorar. Da rabin ruwa aka fara, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In ta zame, ba da yatsu za a tare ba, don yatsun ba sa damƙa. Sai dai ta sauke kafaɗa ta karkata jiki.

Gorar nan ta sha ƙasa ba adadi. Mijin Yaya ya kan leƙo ya ce, "Wannan jika naki akwai haƙuri, ni ya biyo." Yaya ta yi dariya. Amma akwai ranar da gorar ta gangara ƙarƙashin gado, Yaya ta bi ta da kallo ta fashe da kuka. Na ce wa Saja wannan ai azaba ce. Ta durƙusa ta lalubo gorar, ta tambayi Yaya, "A bari?" Yaya ta girgiza kai.

Ranar da aka sallamo mai jego, falo ya cika. Yaya ta sa aka gyara mata filo, ta kafa gwiwar hannu, tana jira. 'Yar ta matso da jaririn, sai ta tsaya. Ta dubi hannayen uwarta, ta dube ni.

"Anti, ko za ki ɗan sa hannu ta ƙasa?" ta ce a hankali.

Ban ga laifinta ba, ɗan fari ne. Amma Yaya ta ji.

"Bar shi a wurinki, 'yata," ta ce tana murmushi. "Daga nan ma ina ganinsa."

Wallahi murmushin nan ya fi kukan gorar ciwo. Na ja kujera kusa da keken, na cusa hannayena ƙarƙashin cinyata.

"Ni ba ni da hannu yau," na ce. "Ba ta jikanta."

'Yar ta kwantar da shi a kan filon. Abin da ba mu lissafa ba, gora ba ta harbin iska. Yaron ya miƙe ƙafa ya murɗa, ya fara zamewa gefen filo. Uwarsa ta ja numfashi. Na ƙara danne hannayena har suka yi tsami. Yaya ta sauke kafaɗa, ta karkata, ya koma cikin lungun hannunta ya lafe. Can ya laluba ya damƙe mata yatsa.

"Kai, malam," Yaya ta ce masa, "ka fi gora nauyi."

Hawaye na bin kumatuna har haɓa. Ban share ba, hannuna na ƙarƙashina.