Kwanon Annick

A tsakiyar wani ɗakin nunin kayan fasaha, kan wani farin dakali, an shimfiɗa tsohuwar ledar tebur mai zanen furanni. A kanta akwai kwanon tangaran mai kunnuwa biyu, an rubuta "Annick" a gefensa, irin wanda kowa ke shan gahawar safe da shi. Mutane na zagaya shi a hankali, hannuwa a baya, kamar masu duba marar lafiya.

Aikin Armelle ke nan. Ta yi suna a Paris wajen ɗauko kayan gida, tsintsiya ko murfin tukunya, ta ajiye su inda dole a tsaya a kalle su. Kwanon na mahaifiyarta Annick ne. Tun da ta rasu, da shi Corentin, mahaifin Armelle, yake karyawa a garinsu na bakin teku. Ran da Armelle ta nemi aro, kafaɗa ya ɗaga. "Ɗauki mana, ai kwano ne."

Ana cikin nunin sai Josiane mai gidan burodin garin ta bugo wa Armelle waya.

"Ke 'yar birni, tsohon naki fa ya daina zuwa sayen burodin safe."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Wai gahawa ba ta da ɗanɗano a sabon kwano. Wandonsa har ya fara zamewa, ni dai na faɗa miki."

Mai ɗakin nunin ya dafe kai da ya ji za ta mayar wa mahaifinta kwanon. "Haba Armelle! Don kwanon nan fa jama'a ke zuwa. Ki saya masa wani a rubuta sunan mana."

"Sabon zai zo da wannan ɓallin na baki? Nan Baba yake ɗora babban yatsansa."

Ta ɗaga kwanon. A ƙarƙashinsa sai ga wani farin da'ira, inda gindinsa ya cinye furannin ledar shekara da shekaru. Su biyun suka tsaya suna kallo.

Da safe ta sauka daga jirgin ƙasa, burodi a hammata, kwanon a naɗe cikin rigar sanyinta. Corentin ya buɗe ƙofa yana mita.

"Wa ya aike ki? Josiane ce ko? Matar nan bakinta ya fi tandarta zafi."

"Zauna dai, Baba."

Ta zuba masa gahawa da madara. Ya tsoma burodi, ya ci, ya sake tsomawa. Sai da ya ga gindin kwanon sannan ya ɗago kai.

"To, me kika bar wa mutanen naki?"

"Ledar. Da shaidar da kwanon ya bari."

"Kuma suna kallo?"

"Har layi suke yi."

Ya shafa ɓallin da babban yatsansa.

"Da uwarki na nan," ya ce, "da tuni ta sauya ledar nan."