Waken Asibi da Ya Ƙi Bushewa

Asibi ta rasu kafin ruwan farko, ta bar wa mijinta Yamusa irin waken suya a cikin wata tsohuwar jarka da ta toshe bakinta da tsumma. Shekara da shekaru tana zaɓen irin da hannunta, tana shuka shi a bayan gidansu a Tungan Maje, tana yin awara da abin da ta samu. Yamusa manomin doya da dawa ne, bai taɓa kula da wake ba. 'Ya'yansu suna aiki a cikin gari, sukan kira shi ran Lahadi idan sun tuna.

Da damina ta kankama, ya juye jarkar duka a ƙasa bai rage ko ƙwaya ba, domin yana son ya ga gonar ta cika kamar yadda ta saba.

Waken ya fito, ya yi fure, ya ɗaura kwanso. Da ruwa ya ɗauke, gonakin maƙwabta suka yi rawaya, ganye ya zube, aka fara tugewa. Tasa kuwa ta tsaya koriya shar. Kullum da yamma yakan zauna a kan kututture yana kallonta, ya ce a hankali, "Asibi, wakenki bai son tafiya." Wasu layuka kaɗan ne suka bushe, can kusa da danga inda kajinta ke kiwo. Ya ƙudurta zai tuge su ya ba akuya, domin sun ɓata wa gonar kyau.

Wata rana Catherine, ƙawar Asibi mai sayar da awara a bakin titin Zuba, ta biyo ta wurin.

"Baba Yamusa, sannu da gadi. Wannan gona naka bai ji an ce damina ya ƙare ba?"

"Albarkar ƙawarki ce," in ji shi.

Catherine ta tsinko kwanso ta ɓare. Ƙwayoyin sun yamutse, kowace da baƙin tabo. Ta ɓare wani, babu komai a ciki. Ta ɗaga ganye, sai ga ƙwari koraye masu faɗin baya sun yi cincirindo. Ta murje ɗaya ta kai masa hanci, ya kau da kai don wari.

"Ka ji albarka? Wannan yana soka baki ya tsotse ƙwaya tun yana ɗanye. Uwa ba ta da ɗa da za ta cika, shi ya sa ta ƙi bushewa. Haba Baba, ba ka ganin matanka da roba kowane safiya?"

Ya sha ganinta. Tun raɓa ba ta bushe ba takan shiga gonar da robar ruwan sabulu, tana kakkaɓe ganye a kai. Yakan tsokane ta daga bakin ƙofa, ya ce ita kaɗai ce mai wanke wake tun yana gona. Sai ta yi dariya kawai, shi kuma bai taɓa leƙa robar ba.

Bayan Catherine ta tafi ya daɗe a zaune. Daga nan ya tashi ya nufi danga, ya tuge busassun layukan nan da kaji suka tsare daga ƙwari, ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya a kan faifai. Abin da ya samu mai kyau bai cika gwangwanin madara ba. Ya zuba a jarkar, ya ji ƙarar ƙwayoyin can a gindi, ya mayar da tsumman.

Robar tana bayan madafa, kaji suna shan ruwa a ciki. Ya wanke ta, ya kife ta a kan jarkar, ya ajiye su a ɗakin Asibi, ya ja ƙofa.