Ajin 'Yan Refome

Shekarar da gyaran ilimi ya iso Sassumbrum, sufeton makarantu ya zo da kansa daga Magariya, da motarsa da tabarau. Aka tara iyaye a bayan lakwal, wato makarantar boko. Ya yi dogon jawabi kan darajar harshen Hausa, duk cikin Faransanci. Wakili mai tafinta ya taƙaita: daga bana za a buɗe sabon aji inda za a koyar da Hausa, tsohon ajin Faransanci yana nan, kowane uba ya zaɓa wa ɗansa. Kalma ɗaya ta gagari Wakili, "refom", wadda sufeto yake ta ja kamar carbi. Sai ya bar ta yadda ta zo.

Mushe Illo aka ba sabon ajin; Mushe ake kiran malaman lakwal, daga Faransanci. An kuma gaya masa cikin ladabi cewa in ajin bai samu yara ba za a rufe shi, a tura shi Bilma, can tsakiyar hamada, inda aka ce ana neman masu himma irinsa. Illo kuwa yana da tsohuwa marar lafiya a gida wadda ko Dungas ba ta iya zuwa.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Baba Dogo, tsohon sojan Faransa mai ɗingishi, ya gyara murya.

"Na san kalmar nan. Ita likitan soja ya buga mini ranar da ya ga ƙafata. Refome. Wanda ba ya da sauran amfani, a sallame shi. Ko motar gwamnati in ta mutu, refome ake yi mata."

Kafin ranar kasuwa gari ya gama fahimtar manufar gwamnati, har ya fi gwamnati fahimta.

Illo ya shiga bin gidaje. Ya tarar da Turai, uwar Ɗalha, tana ɓarar gyaɗa.

"Gwaggo, na zo kan maganar Ɗalha."

"Me ka gani a jikinsa, Mushe? Ƙafa lafiya, ido lafiya. Ɗalha, yi tsalle Mushe ya gani!"

"Ba haka ba ne. Da Hausa za a koya masa, zai fi saurin ganewa."

"Hausa? Yaron da in ya fara surutu sai na kore shi waje? Ka zo ka ɗebi Hausar, muna da ragowa."

Ya je wurin darakta, Mushe Maina, wanda ya fi kowa tafi ranar jawabi. 'Ya'yansa duka suna ajin Faransanci.

"Ko ɗaya ka ba ni, jama'a su gani."

"Haba Illo! Alherin da aka kawo wa talakawa, ni in tare musu wuri? Ina da kunya."

A gida ma, da ya ambaci 'yarsa Fadi, matarsa Aisa ta ajiye ludayi ta dube shi, har ya tuna yana da wani aiki a waje.

Daga ƙarshe ya je ya durƙusa gaban Baba Dogo a bakin kasuwa, inda yake zaune da abokan hirarsa.

"Baba, don Allah ka gyara maganarka. Refom daban, refome daban. Ka sa mutane suna ganin abin kunya ne."

"Kunya?" Dogo ya buga sandarsa. "Wa ya ce kunya? Yaro, refome ce ta cece ni! Wata biyu na yi aka ce tafi gida. Na iso daidai shuka. Abokaina masu lafiya kuwa aka riƙe su shekara da shekaru, wasu har yau ba labari."

Baƙo, mai gona mafi girma a unguwar, wanda tun da hakimi ya sa aka kai 'ya'yansa lakwal yake hayar 'yan ƙwadago, ya matso.

"Kana nufin 'yan refome ba su daɗewa?"

"Ina fa! Da an duba an ga ba su da amfani, sai gida."

Illo ya buɗe baki zai yi bayani. Ya tuna Bilma. Ya rufe.

Ranar Litinin ajin ya cika har ana zama a ƙasa. Iyaye na rige-rigen ba da shaida: wannan ba ya ji sosai, wancan kansa kamar dutse, wannan tun haihuwa bai taɓa gane komai ba. Turai ta kawo Ɗalha, ta ce ta sake dubawa, ashe ƙafar hagu tana ɗan ja.

Sufeto ya dawo, ya leƙa, ya cire tabarau ya share hawaye. Ya ce Sassumbrum ta nuna wa ƙasa baki ɗaya wayewar kai, za a ba da labarinta har Yamai. Ya yaba wa darakta ƙwarai.

Illo dai bai je Bilma ba. Yaran kuma, ga mamakin kowa, suka fara karanta abin da ke allo suna dariya a wurin da ya kamata. Sai dai duk safiya yakan tarar da Baƙo tsaye a bakin taga, hula a hannu.

"Mushe, ba gaggawa nake ba. Amma nawa ukun nan, har yanzu ba a gama duba su ba? Gyaɗa fa ta isa cira."