Kai Mai Ƙarfi Irin na Tsoho

"Mama, me ya sa bakin Yaya yake warin ɗakin Kaka?"

Auta ce ta yi tambayar tana lasar cokali, ana cikin cin abincin rana. Hannun Mama ya tsaya cak a kan murfin tukunya. Dogo, ɗanta na fari, mai shekara sha huɗu, ya harari ƙanwarsa ya ce bakinta ya fi kanta girma, ya zari takalmansa ya koma wurin aiki ko ruwa bai sha ba.

Kaka uban mijinta ne. Bara ya rasu, ciki a kumbure, idanu sun yi rawaya. A gidan ciwon hanta ake cewa, ba a ƙarawa. Amma Mama ce ta yi jinyarsa, ita ta kwashe kwalaben giyar da ke ƙarƙashin gadonsa. Ita ce kuma wata nas ta ja gefe a barandar asibiti, ta tambaye ta ko akwai yara masu tasowa a gidan. Ta ce mata ƙwaƙwalwar yaro gini ce da ba a gama ba. Ɓangaren gaba, mai taka wa mutum birki, shi ne na ƙarshen kammaluwa, sai an haura shekara ashirin. Giya tana taɓa ginin tun yana ɗanye. Ba dole jika ya bi sawun kakansa ba, amma a irin gidansu sai an ninka sa ido, kuma wanda ya sha bai ji komai ba shi ya fi zama abin tsoro.

Mijinta direba ne, yana kan hanya. Ta yafa mayafi, ta bar Auta wurin maƙwabciya, ta nufi shagon kafinta na Baffa, yayan mijinta, inda Dogo ke koyon aiki bayan makaranta.

Injin yankan katako na ta kuka. Ta rusuna ta gaida Baffa, shi kuwa ya ja ta da wasa, wai ko gadon da ya yi musu ne ya karye. Idonta na kan wata kwalba a bayan gwangwanin gam, cike da saiwoyi da jan ruwa. Ya ce maganin ciwon baya ne, kowa a shagon yana ɗan kurɓa. Ta buɗe ta shaƙa. Ɗakin Kaka sak. Da ta tambayi abin da aka jiƙa saiwoyin da shi, sai ya kau da kai ya ce ai ruwa ba ya fitar da ƙarfin magani.

"Kwantar da hankalinki, Maman Dogo. Sauran yaran nan murfi ɗaya ke juya musu kai. Naki kuwa ya sha uku, ya buga ƙusa ba ta karkace ba. Kai mai ƙarfi gare shi, irin na Tsoho, kakansa."

Dogo na tsaye da guduma yana murmushi, an yabe shi. Murmushin nan ya fi warin kwalbar tsinka mata zuciya.

"Baffansu," ta ce a hankali, "Tsohon yana ina yanzu?"

Wani ya kashe injin. Baffa ya haɗe rai ya ce ba a shagonsa mace za ta koya masa riƙon ɗan ƙaninsa ba. In ta tafi da yaron yau, kada ta dawo da shi. Ta san mijinta zai sauka daga mota ya tarar da ƙara, ta san dangi za su yi da ita. Sai ta lura tun shigowarta hannun Dogo na hagu bai bar aljihun wandonsa ba.

Ta miƙa masa tafin hannu. Ya dubi Baffa, ya dubi ƙofa. Ba ta sauke hannun ba. Can ya zaro wata 'yar kwalbar maganin tari, an ɗura mata jan ruwan har wuya.

"Wa ya ba ka wannan?" in ji Baffa.

Dogo ya ce ba kowa. Bayansa ma ba ya ciwo. Kawai dai in bai sha ba da safe, aji yakan yi masa ƙunci.

Baffa ya zauna a kan benci. Bai hana su fita ba. A hanya Dogo na baya yana shurin duwatsu. Ita kuwa ta damƙe kwalbar a cikin mayafi, ta wuce kwanar gida ta miƙe hanyar asibiti.

Ke uwa, kai uba: in akwai wanda kwalba ta ci a danginku, kada ku bari ko murfi ɗaya ya kai bakin ɗanku, ko da sunan magani ne. Ranar da aka yaba muku ƙarfin kansa, ranar ku tashi tsaye.