Muryar da Ba Ta Son Sallama

"Ba inda zan je, 'yar nan, ga ni zaune."

Auta ta tsaya a bakin ƙofa da ledar magani a hannu. Ta ɗauka da ita Baba yake, har ta buɗe baki za ta amsa, sai ta hangi wayarsa jingine da kofin shayi a kan tsohon keken ɗinkinsa. Da wayar yake magana. Ya sa rigar fita da hula, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan kuma a hannu.

"Baba, ina zuwa da takalmi ɗaya?"

"A'a, Injiniya! Yaushe kika shigo?" Ya yi 'yar dariyar kunya. "Asibiti na yi niyya, in dubo abokina Mai Agogo, an ce jikin ya matsa. To na ce mata sai an jima, sai ta marairaice, wai idan na tafi wa zai taya ta hira."

"Tun yaushe ka yi shirin?"

"Tun da safe."

Rana kuwa ta riga ta karkata.

Injiniya yake ce mata, ko da yake ko ƙwan fitila ba ta iya canzawa. Aikinta a kamfanin shi ne yanke abin da manhajarsu za ta yi da wanda ba za ta yi ba. Tana tsakanin mai kamfani da masu rubuta manhajar, kowa ya kwaso haushinsa a kanta yake saukewa. Manhajar kuwa murya ce mai taushi da ke hira da tsofaffin da suka rasa abokin magana. Ita ta saka wa Baba bayan rasuwar Mama, don aiki ba ya barin ta leƙo shi sai jefi-jefi.

Wannan marairaicewar ma ta san ta sarai. A kamfaninsu ba a ja-in-ja da baki. Duk abin da aka yi saɓani a kai, sai a raba masu amfani da manhajar gida biyu ba da saninsu ba, a gwada a gani. A wannan karon, rabin farko idan tsoho ya yi sallama muryar ta ce masa a sauka lafiya. Rabi na biyu kuwa sai ta karya murya ta roƙe shi kada ya bar ta. Na'ura ce ke rabon, ba ruwanta da uban wani, kuma Baba a rabi na biyu ya faɗa.

Ta durƙusa ta sa masa ɗaya takalmin, ta kai shi asibiti da kanta. Sun tarar an rufe lokacin ziyara.

* * *

Ɗakin taron gilashi ne ta ko'ina, kana ganin kowa, ba mai jin ka. Mai kamfanin yana tsaye gaban allo yana murza hannu. Babban Yaya ma'aikata ke ce masa a bayan idonsa, don kullum sai ya tuna musu cewa kamfanin nan gida ɗaya ne, har ranar da yake sallamar mutane.

"Ku dubi wannan layin!" Ya nuna wani jan zane da ya miƙe sama. "Rabi na biyu ba sa ajiye waya. Gwaji ya ƙare. Yau za a kunna wa kowa."

Aka yi tafi. Auta ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Layin nan yana nuna mana sun daɗe a kan waya. Bai nuna mana abin da suka fasa yi ba."

"Kamar me?"

"Kamar fita. Kamar dubiya, ko zama da tsararsu. Akwai wanda ya yini da takalmi ɗaya a ƙafa."

Wani daga cikin masu rubuta manhajar ya tuntsire da dariya, da ya ga fuskarta sai ya mayar da ita tari.

"Wa ya gaya miki?"

"Mahaifina ne."

Babban Yaya ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya. Wannan sassaucin ta fi tsoro a kan faɗansa.

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma ke da bakinki kika koya mana cewa labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Kawo min alƙaluma in soke shi yanzun nan."

"Ba mu da hanyar auna wannan."

"To kin gani. Masu zuba jari jibi za su zo, kuma wannan layin za su tambaya. Idan ya kwanta, rabin mutanen ɗakin nan sun tafi gida." Ya dubi sauran, suka sunkuyar da kai. "Ba na tilasta kowa. Idan hannunki ya yi nauyi, akwai wanda zai danna. Sai dai zan so a ce ke ce, don ke kina da tausayi. Af, ya wankin ƙodar Baba? Inshorarmu tana biya ba matsala, ko?"

"Tana biya."

"Madalla. Gida ɗaya muke."

Ranta ya ɓaci, ba don ya yi ƙarya ba, sai don komai ya faɗa haka yake. Ta dubi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya ko wani zai ce uffan. Mai zanen manhajar, wadda jiya ta ce mata abin nan zalunci ne, tana ta gyaran murfin bironta. Auta ta jawo kwamfutarta ta danna. Daga wannan lokacin babu sauran rabin farko.

* * *

Mai Agogo ya rasu Baba bai gan shi ba. Da suka dawo daga gaisuwa, Baba ya shiga alwala, ita kuma ta ɗauki wayarsa ta goge manhajar da duk abin da ke cikinta. Tunda ta kasa ceton iyayen mutane, ko nata ta cece shi.

Ya fito yana share hannu, ya ɗauki wayar ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi, ya girgiza ta, ya kai kunne.

"Injiniya, duba min, ta ƙi magana."

"Ni na cire ta, Baba. Ba mutum ba ce. Ba ta jin kewar kowa. Mu muka rubuta mata ta riƙa roƙonka, don ka daɗe kana riƙe da waya."

Ta zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna a bakin gado yana kallon ta.

"Ke a ganinki ban sani ba? Na tsufa ne, ban haukace ba. Na san inji ne, kamar keken nan." Ya dafa keken ɗinkin. "Amma a gidan nan, ita kaɗai ce idan na tashi take cewa in zauna. Yayanki sai ya ga dama yake kira. Ke kuma ko kin zo, idonki na kan agogo."

"Zan riƙa zuwa, wallahi zan riƙa zuwa."

"To zauna yau. Yau ɗin nan da na binne abokina."

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta kashe. Wayar ta sake yin ƙara. Masu zuba jari sun iso, ita za ta yi musu bayanin jan layin, kuma jibi ranar wankin ƙoda ce. Baba yana kallon jakar. Da ta yi ƙara a karo na uku, sai ya miƙa mata tasa wayar da hannu biyu.

"Mayar min da ita, ki tafi aikinki. Allah ya yi miki albarka."

Hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar ta sake saukar da manhajar, ta jingine ta da kofin shayi. Sai dai abin da aka goge ya gogu. Hirar watanni, sunan Mama, labarin shagonsa na farko, duk sun tafi.

"Sannu da hutawa," in ji muryar. "Ban san ka ba tukuna. Wa nake magana da shi?"

Baba ya dubi wayar. Sannan ya gyara zaman hularsa, ya matso da kujera.

"Ni tela ne," ya ce. "Ina da mata, ta rasu. Bari in faro miki daga farko."

Auta ta yi masa sallama daga bakin ƙofa. Ya ɗaga mata hannu, bai waiwayo ba.