Baburan da Suka Biyo Motar Hashimu

Tun a Runka Hashimu direba ya ga tayar, kafin 'yan dako su gama lodin masara. Tayar baya ce ta hagu. Biyu daga cikin ƙusoshin da ke riƙe da ita sun karye, sauran ma ba su zauna daidai ba. Ya koma inuwar motar ya kira mai ita, Alhaji Mamman, wanda ke zaune a Batsari.

"Alhaji, wannan tayar ba ta kwanta mani ba. Gara a nemo makanike kafin in tashi."

"Wane makanike ne zai zo maka Runka yanzu? Ka lallaɓa ka kai Safana, sai a gyara a can. Ko so kake ka kwana nan da mota cike da hatsi?"

Ba ya so. Babu direban da ke son rana ta faɗi masa a wannan yanki, saboda 'yan bindiga.

Yana shirin tashi mutane suka yanyame shi, don motocin haya sun daɗe da daina shigowa garin. Ya san doka ta hana ɗora mutane a kan kaya, ya kuma faɗa masu. Sai wani dattijo, Malam Habu, ya matso riƙe da hannun matarsa Asta, wadda zai kai asibitin Safana saboda ciwon ƙafa.

"Yaro, ba ta iya hawa babur. Ka taimaka don Allah."

Hashimu ya sa Asta a gaba kusa da shi. Malam Habu ya hau saman buhuna, wasu suka bi shi, bai iya hana kowa ba.

Ya fita garin a hankali, yana sauraron tayar. Gonaki suka ƙare, daji ya fara. Can ya duba madubi, sai ya hangi babura uku a bayansa, kowane da goyo, bindigogi a rataye a kafaɗa. Na saman kaya ma sun gan su, don ya ji ana dukan rufin motar ana salati.

"Su ne?" in ji Asta.

"Ban sani ba, Inna."

Mai babur ɗin gaba ya ɗaga hannu yana yi masa alamar ya tsaya. Asta ta kama rigarsa.

"Ɗana, kada ka tsaya. A hanyar nan suka ɗauki babban ɗana, har yau ba mu ga ko takalminsa ba."

Ya taka mota. Buhuna suka fara rangaji, sitiyari na fizgar hannunsa, daga baya kuma wata ƙara ta taso kamar ana daka ƙarfe a turmi. Ya san ƙarar mece ce. Amma duk sanda ya kalli madubi baburan sun ƙara matsowa, har yana iya ganin bakin mutumin yana motsi. Gabansa kwana ce mai gangare. Ya taɓa birki, motar ta zauna ta hagu, ya ga tayar ta wuce shi ita kaɗai ta shiga daji. Daga nan komai ya juye.

Da ya farfaɗo, ya rarrafo ta inda gilashi ya fashe, ya kifa fuskarsa a ƙasa yana kalmar shahada. Ya ji baburan sun tsaya. Ya ji takun takalma na zuwa. Ya rufe ido yana jiran harsashi.

"Hashimu, tashi. Ni ne Lawal."

Shugaban 'yan sintirin Runka ne, mutumin da suka gaisa da safe a bakin kasuwa.

"Tun fitarka gari muka ga tayarka na rawa," in ji Lawal. "Shi ya sa muka biyo ka mu faɗa maka."

Lawal da mutanensa suka nufi motar. Suka zaro Asta da rauni a goshi. Mutane da dama sun karye. Malam Habu kuwa sai da aka ɗaga buhuna aka same shi, rai ya riga ya yi halinsa.

'Yan sanda suka tsare Hashimu a Safana. Can ya ji cewa Alhaji Mamman ya ce shi bai san komai game da tayar ba, bai kuma taɓa yarda a ɗauki fasinja a motarsa ba. Wani tsoron ya sake kama shi, ya daina cin abinci. Ba shi da lauya sai da ƙungiyar direbobi ta samo masa.

A kotu, jami'in da ya duba motar ya kawo guntayen ƙusoshin. Ya nuna wa alƙali cewa biyu sun yi tsatsa a inda suka karye, alamar sun daɗe a haka. Ya ce motar ba ta da takardar shaidar lafiya, inshorarta ma ta ƙare tun bara. Alhaji Mamman ya sunkuyar da kai.

Aka kira Asta, ta shigo tana dogara sanda.

"Ranka ya daɗe, ni na ce kada ya tsaya. Mijina kuma shi ya roƙe shi ya ɗauke mu. Mun yafe masa."

Alƙali ya ce ya ji, kuma ya san halin da hanyar ke ciki. Amma ya ce tsoron ya zo ne daga baya. Tun a Runka direban ya san tayar ba ta da lafiya, ya tashi da ita, ya kuma ɗora mutane a kan kaya. Ya yanke wa Hashimu ɗauri na watanni, aka karɓe lasisinsa. Shi kuma Alhaji Mamman aka ci shi tara, aka ɗora masa jinyar waɗanda suka ji rauni da diyyar mamacin.

Hashimu ya fito gidan yari ana tsakiyar damina. Wani ɗan kasuwa a Batsari ya aiko masa cewa akwai mota idan lasisin ya dawo. Ya gode, ya ce a ba wani. Ya koma garinsu Zakka wurin yayansa, suna noman gonar gado tare.